In tashi ko in zauna? Amsa ga wani dattijon ikkilisiya a ƙasar Wasagu

Tambaya: Baba, ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Ni manomi ne a wani ƙauye a ƙasar Wasagu, ni ne kuma nake riƙe da sujada tun da aka ɗauke mai bisharanmu bara. Sau biyu 'yan bindiga suna shigo mana, sun kore shanun huɗa, bana kuma sun aiko cewa sai mun biya kuɗi kafin mu yanke dawa. Maiɗakina ta ce mu kwashi yaranmu biyar mu koma Zuru wurin yayanta. Tsohuwata ta ce ita ba inda za ta, nan aka binne mijinta. A coci mun ragu gida goma sha ɗaya, wasu kuma na cewa duk wanda ya tashi ya nuna ba shi da bangaskiya. Na yi azumi, ban ji komai ba. In tashi ko in zauna?

Amsa: Ɗana, na amsa gaisuwa. Ubangiji ya tsare ku, da ku da sauran gidaje goman. Sau uku na karanta saƙonka kafin in fara rubutu, don irin wannan tambaya ba ta son garaje. Ba zan ce maka tashi ba, ba kuma zan ce maka zauna ba. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, ni kuwa ina kwana ne a cikin gari, inda ake jin ƙarar babur da dare a gyara kwanciya. Abin da zan iya shi ne in sauke maka wani kaya da na ga an aza maka, wanda ba Allah ne ya aza ba, sa'an nan mu duba tambayar da nake ganin ita ce ta gaske.

Kayan shi ne wannan magana ta cewa mai tashi ba shi da bangaskiya. Buɗe littafin Farawa. An yi yunwa a zamanin Ibrahim, ya gangara Masar (12:10). Aka sake yin wata a zamanin ɗansa Ishaku, sai Ubangiji ya bayyana gare shi ya hana shi zuwa Masar ɗin, ya ce ya zauna. Ya zauna a Gerar, ya yi shuka, ya girbe riɓi ɗari a shekarar (26:12). Yunwa ta uku ta faɗo a kan jikan, Yakubu. Shi kuma a Biyersheba Allah ya ce masa kada ya ji tsoron gangarawa Masar, zai tafi tare da shi (46:3-4). Gida ɗaya, masifa iri ɗaya, Allah ɗaya, amma an ce wa ɗa zauna, an ce wa jika tafi. Duk mai wa'azin da ya ɗauko Ishaku ya rufe littafi kafin sura 46, rabin labari ya ba ku.

Akwai wani abu a nan da ban cika jin ana faɗa ba. Ibrahim da ya tafi, tsoro ya sa ya ce Saratu 'yar'uwarsa ce. Ishaku da ya zauna bisa umarnin Allah, tsoro ya sa ya faɗi magana iri ɗaya a kan Rifkatu. Wanda ya tafi da wanda ya zauna duk sun yi tuntuɓe da dutse ɗaya. Saboda haka ba a auna bangaskiyar mutum da inda ya shimfiɗa tabarmarsa. Ishakun ma da ake kafa hujja da shi, da makiyayan Gerar suka yi masa gardama a kan rijiya, barin ta ya yi ya haƙa wata, suka sake, ya sake matsawa, sai a ta uku, Rehobot, ya sami sarari.

Ubangijinmu kansa da dare aka goye shi aka gudu da shi Masar, bisa maganar mala'ika ga Yusufu (Matiyu 2:13-14). Da ya aiki almajiransa, ya ce in an tsananta musu a wannan gari su gudu zuwa wancan (Matiyu 10:23). Da aka ƙulla kashe shi bayan ta da Li'azaru, janyewa ya yi zuwa wani gari da ake kira Ifraimu kusa da jeji (Yahaya 11:54), kuma shi ne dai wanda, da lokaci ya yi, ya doshi Urushalima ya san abin da ke jiransa. Bulus an zura shi a kwando ta garun Dimashƙu cikin dare. Bulus ɗin nan ne aka ce masa a Koranti kada ya ji tsoro, ya zauna shekara ɗaya da wata shida. Shi ne kuma a Kaisariya annabi Agabas ya ɗaure hannuwansa da ƙafafunsa da ɗamarar Bulus ya nuna masa abin da za a yi masa, 'yan'uwa na kuka suna roƙonsa, ya ce sai ya je. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Ka kuma tuna cewa wanda ya ce wa Yesu ya diro daga ƙololuwar Haikali don mala'iku za su tare shi, da ayar Zabura ya zo a bakinsa, kuma Shaiɗan ne. Amsar da ya samu ita ce ba a gwada Ubangiji. Karin Magana 22:3 ya yaba wa mai hankali da ya hango masifa ya ɓuya.

Mu mutanen ƙasar Zuru kuwa, da kakanninmu suka yi shekaru suna golmo a gonar surukai kafin a ba su mata, ba baƙo ne zai koya mana jimiri ba. Wanda ya kwana a dawa da 'ya'yansa sau biyu ya dawo ya buɗe coci ranar Lahadi, ai ya wuce a tuhume shi da ragwanci.

To amma da na tsaya a nan, na cuce ka, don akwai ɗaya gefen, kuma ya shafe ka kai tsaye. A Yahaya 10 Yesu ya yi maganar ɗan ƙodago da ke ganin kyarkeci ya watsar da tumaki ya ranta a na kare, saboda tumakin ba nasa ba ne. Nehemiya, da aka ba shi shawarar ya shige Haikali ya kulle don za a zo kashe shi, ya ƙi, ya ce mutum irinsa bai kamata ya gudu ba (6:11), domin da ya gudu da ginin garu ya tsaya. Kai ne ke riƙe da sujada. Wannan gefen ba za ka tsallake shi ba.

Ikkilisiya ta daɗe tana tauna wannan tambaya, kuma a nan nahiyarmu aka fi tauna ta. A shekara ta 250, da sarkin Rum Deshiyus ya ta da tsanani, Sifiriyan, bishop na Kartaj, kusa da birnin Tunis na yanzu, ya ɓuya fiye da shekara guda yana tafiyar da ikkilisiya ta hanyar wasiƙu. An zage shi a kan haka. A 257 tsanani ya sake tasowa, wannan karon ya tsaya, aka sare kansa a 258. Mutum ɗaya ne, bangaskiya ɗaya, lokaci ne ya bambanta. Bayansa, da mayaƙan Bandal suka ƙetaro Afirka ta Arewa suna ƙone garuruwa, wani bishop mai suna Honoratus ya rubuta wa Agustin, bishop na Hippo, tambaya irin taka. Amsar da Agustin ya ba shi ita ce mafi tsari da na taɓa karantawa a kan wannan batu. Ya ce in shugaban ake nema shi kaɗai, kuma akwai masu riƙe aikin a bayansa, yana iya kaucewa kamar Bulus. In jama'ar duka sun tashi, ya tashi tare da su, ba amfanin gadin bango. Amma in akwai waɗanda suka rage, kuma tafiyarsa za ta bar su babu mai hidima, to ya zauna. Har ya ce in ma'aikata sun kasa daidaita wa zai zauna wa zai tafi, a jefa ƙuri'a. Shi kansa ya zauna a Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, ya rasu a watan Agusta 430, gari na kewaye da mayaƙa.

Martin Luther ma ya bi sawu ɗaya a 1527, lokacin da annoba ta shiga Wittenberg a Jamus. An umarce shi ya bi jami'ar da yake koyarwa zuwa garin Jena, ya ƙi, gidansa ya cika da marasa lafiya alhali matarsa na da juna biyu. Duk da haka da aka tambaye shi ko Kirista na iya gudun annoba, bai ce kowa ya yi yadda ya yi ba. Ya ce wanda aka ɗora wa nauyin wasu, fasto ko mai mulki ko uba, ba zai tafi ya bar su ba sai ya tanadi mai kula da su, wanda kuwa babu irin wannan nauyi a kansa yana da 'yancin tafiya. Ya kuma tsawata wa masu ƙin magani da kiyayewa suna kiran abin bangaskiya.

Ka lura da abin da waɗannan dattawa suka yi? Sun ɗauke tambayar daga kan ƙarfin zuciyar mutum sun mai da ita kan amana. Tambayar ita ce: su wa Allah ya rataya a wuyanka, kuma me zai same su in ka zauna, me zai same su in ka tashi? A saƙonka na ƙirga amana uku, kuma ba gefe ɗaya suke ja ba. Shi ya sa kake jin kamar ana yaga ka.

Ta farko maiɗakinka da yara. Kada ka bari wani ya ce maka tsoron mata ne. Kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa. Uwar da ta san abin da ya faru a makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri ranar 17 ga Yuni, 2021, ta san wasu 'yan matan sai da suka kusa shekara biyu a daji, lissafi take yi, kuma lissafinta ba na wauta ba ne. Bulus ya ce wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya yi musun bangaskiya (1 Timoti 5:8), ya kuma ce wanda bai iya riƙe gidansa ba, ta yaya zai riƙe ikkilisiyar Allah (3:5). Nauyin gida goma sha ɗaya kuna raba shi da wasu. Nauyin yaran nan biyar babu wanda za ka raba da shi sai ita.

A nan bari in faɗi abin da wasu ba za su so ji ba. Waɗannan mutanen daji shanu suke nema da kuɗi da mutanen da za su karɓi fansa a kansu. Makwabtanku Musulmi a Danko-Wasagu da Sakaba da Fakai, da na ƙetaren iyaka a Zamfara, suna binne nasu kamar yadda muke binne namu. In aka ɗora maka bindiga aka ce ka yi musun Almasihu, wannan wata magana ce, kuma ka san amsarta. Amma mutumin da ya mutu yana gadin rumbu, ba za mu kira shi shahidi don mu kwantar da hankalinmu ba. Agustin ya sha nanata cewa dalilin mutuwa ne ke mai da mutum shahidi, wahalar ita kaɗai ba ta isa ba. Kada wani ya sa ka ba da ɗa a kan abin da Allah bai nema a hannunka ba. Game da kuɗin da suka ce ku biya, ban ga laifi a kan wanda ya biya da bindiga a kansa ba. Sai dai wanda aka biya bana ya san hanyar dawowa baɗi, ku sa wannan a lissafi. Inda laifi yake shi ne zama ɗan aikensu ko mai tsegunta musu gidan wani don a ƙyale naka.

Amana ta biyu ikkilisiya. Ka bi ma'aunin Agustin. Abu na farko, ba kai kaɗai ke da garken nan ba. Waɗanda suka ɗauke mai bishara suna da alhakin sanin halin da kuke ciki. Ka rubuta wa shugabannin gundumar ikkilisiya, ko ka je da ƙafarka, ka faɗa musu ƙarara cewa kana tunanin matsar da iyalinka, su faɗi shirinsu. Kunya ba ta da wuri a nan. Abu na biyu, ku tara gidajen nan ku yi magana a fili, da matan a ciki, don zumuntar mata ta fi dattawa sanin gidan da aka daina ɗora tukunya. Na ga ƙauyuka inda kowane magidanci ya riga ya ɗaure kayansa a zuci, amma kowa na jiran wani ya fara miƙewa don kada a ce shi ne ya karya coci. Mai yiwuwa mai ɗaga murya a kan bangaskiya shi ne ya fi kowa rashin wurin zuwa, kuma tsoronsa shi ne ku watse ku bar shi. In haka ne, amsar da yake buƙata ɗaki ne a Zuru ko Ribah, ayoyi ba za su biya masa wannan buƙata ba. In taron ya nuna akwai gidaje uku ko huɗu da ba za su iya motsawa ba, tsofaffi ko gwauraye, sai ku tsara wa zai riƙa yi musu sujada, wa zai kai mara lafiya asibiti, a raba da suna da rana. In an yi wannan, tafiyarka ba ta ɗan ƙodago ba ce. In ka sulale da asuba ba sallama, ita ce.

Ka kuma sani tashi hawa-hawa ne. Mutane sukan ɗauka ko dai a zauna duka ko a kwashe duka. Yakubu da ya ji Isuwa na tafe da mutum ɗari huɗu, raba ayarinsa ya yi biyu don in an faɗa wa ɗaya, ɗaya ya tsira (Farawa 32:7-8). Dawuda da yake gudun Saul, ya ɗauki tsohonsa da tsohuwarsa ya kai su Mizfa ta Mowab, ya roƙi sarkin can ya riƙe su har ya ga abin da Allah zai yi da shi (1 Sama'ila 22:3-4). Bai jira ya san ƙarshen al'amarin ba kafin ya kau da masu rauni daga bakin wuta. Kana iya kai yara Zuru su shiga makaranta tare da uwarsu, kai ka tsaya ka ga kaka. Ba zan ɓoye maka tsadarsa ba. Tukunya biyu ce a aljihu ɗaya, hanyar da za ka riƙa bi ita kanta hatsari ce, kuma aure na shan wuya in aka daɗe a rabe. In za ku yi haka ku sa masa wa'adi, ku ce zuwa bayan girbi ko zuwa Ista za mu zauna mu sake dubawa.

Amana ta uku ita ce mai wuya, wato tsohuwa. Ba za ka ɗaure ta ka aza a babur ba. Amma ka saurari abin da ta faɗa da kyau. Ba ta ce ba ta tsoro ba, cewa ta yi nan aka binne mijinta. Sau da yawa abin da tsoho ke gudu shi ne a binne shi a baƙon wuri. Yakubu ya yarda ya koma Masar da tsufansa, ya yi shekara 17 a can, amma sai da ya sa Yusufu ya rantse zai mai da gawarsa kogon Makfela wurin iyayensa, kuma Yusufu ya cika. Yusufun ma ya bar wasiyya a kan ƙasusuwansa, Musa ya ɗauke su ranar fita (Fitowa 13:19). Ka gwada yi mata irin wannan alkawari a gaban shaidu, cewa muddin hanya ta biyu za a dawo da ita kusa da mijinta. Kada kuma ka zama kai ne mai kai maganar. Uwa ba ta cika karɓar irin wannan daga ɗan da ta goya ba. Nemo ƙaninta ko wata sa'arta da suke zumunta tare. Ka kuma bar mata ƙofa, a ce za ta je duba jikoki na wata biyu. Tsofaffi da yawa da haka suka tafi.

Sai maganar azumin da ka ce ba ka ji komai ba. Ina so in daɗe a nan kaɗan, don ni ma na taɓa faɗawa ramin. Ina saurayin fasto a wata tasha, muka sami saɓani da dattawa a kan kuɗin baiko. Na shiga azumin kwana uku ina neman nufin Allah ko in nemi canjin wuri. Na fito na gaya wa wani tsohon malaminmu cewa Ubangiji ya ba ni salama in tafi. Ya dube ni ya ce, yaushe ka rubuta takardar neman canjin? Na yi shiru, don tun kafin azumin na rubuta ta, tana cikin Littafina. Ya ce in je in karanta Irmiya 42. A can, ragowar mutanen Yahuza sun zo wurin annabi suka ce ya roƙa musu Allah ya nuna musu hanya, suka yi rantsuwa za su bi ko mai daɗi ko mara daɗi. Sai bayan kwana goma amsa ta zo, aka ce su zauna. Suka ce ƙarya yake yi, suka tafi Masar, har suka tafi da shi. Tun farko sun riga sun yada zango kusa da Baitalami a kan hanyar Masar, sa hannu kawai suke nema. Wannan cuta tana kama mai son tafiya, tana kuma kama mai son zama. Ka tambayi kanka tsakaninka da Allah: in zama nake so, don garken ne, ko don kada a ce na gudu, ko don dawar da ke tsaye a gona? In tafiya nake so, don yaran ne, ko na gaji da nauyin coci ina neman mafita mai kyan suna? Ba laifi ba ne a sami gauraye, kowa na da shi. Laifin shi ne a lulluɓe shi da "Ubangiji ya ce".

Shirun kuwa kada ya firgita ka. Annabi ma kwana goma ya jira. Kuma galibin jagorar Allah ba ta murya take zuwa ba, tana zuwa ta Maganar da ya riga ya bayar, da shawarar masu tsoronsa, da hankalin da ya ba ka, da yadda al'amura ke buɗewa ko rufewa. Iliya ya zauna a rafin Kerit bisa umarnin Allah, hankaki na kawo masa abinci, har rafin ya ƙafe, sa'an nan aka ce ya tashi zuwa Zarefat. Ƙafewar rafin ba alamar ya yi kuskuren zuwa ba ce, lokacin wurin ne ya cika. Da kuma ya gudu daga Yezebel ya zube ƙarƙashin itace yana roƙon mutuwa, mala'ika bai yi masa wa'azi ba. Abinci ya ba shi da ruwa, ya bar shi ya yi barci, ya sake ta da shi ya ci (1 Sarakuna 19). Ina zargin rabonka da barcin kirki an yi watanni. Mutumin da ke kwana da kunne ɗaya a buɗe, ga azumi a kai, ba ya jin muryar kowa sosai. Ignatiyus na Loyola, wani malamin ikkilisiya na dā, ya shawarci almajiransa kada su canza shawarar da suka yanke a lokacin da zuciya ke cikin duhu. Shawara ce mai kyau, sai dai ba a yi ta don wanda wuta ta kama rufin ɗakinsa ba. In ka ji suna tafe, ka kwashi yara ka fita, addu'a a hanya.

Ga abin da zan ce ka yi a satin nan. Ka tafi Zuru ka kwana uku. Ka ci, ka yi barci, ka ga ɗakin da surukinka zai ba ku da idonka, ka tambayi kuɗin haya da na makaranta, ka bincika ko akwai gonar aro ko ƙodagon da zai riƙe ku. Kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Mutum da yawa sun tsira daga bindiga sun faɗa bashi da zaman banza, manomin da bai taɓa roƙon ƙwayar hatsi ba ya koma auna masara da mudu. In ka dawo, ku zauna da maiɗakinka da rana tsaka, hankali kwance, ku ajiye alamun da in kun gan su ba sauran shawara: in an janye jami'an tsaro da ke kusa da ku, in ƙauyen da ke tsakaninku da daji ya watse, in sun fara ɗaukar mutane maimakon dabbobi. Ku haɗa takardun haihuwa da na makaranta wuri ɗaya tun yanzu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka riƙa jin ta bakin mai unguwa da makwabtanka Musulmi, labarin daji yakan riga isa wani kunne kafin wani.

In kuma ta kai ga tashi, kada ku zauna a Zuru kamar masu jiran mota. Waɗanda aka kwashe zuwa Babila sun so su zauna a kan ƙunshin kayansu, Irmiya ya rubuta musu su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure, su nemi zaman lafiyar garin (sura 29). Ku shiga coci ku kama aiki, ku nemi sauran 'yan ƙauyenku ku riƙa haɗuwa ko a zaure ne. Ikkilisiyar Antakiya, inda aka fara kiran almajirai Kirista, waɗanda tsananin da ya biyo bayan kisan Istifanas ya warwatsa ne suka kafa ta (Ayyukan Manzanni 11:19-26).

Abu ɗaya nake roƙonka ko wane gefe ka bi: kada ka sayar da gonar. A irin wannan lokaci ne masu kuɗi ke sayen gadon mutane a farashin akuya. Matar nan ta Shunem, Elisha ne da kansa ya ce ta tashi da iyalinta saboda yunwa. Ta yi shekara bakwai a ƙasar Filistiyawa, ta dawo ta kai kuka gaban sarki, aka mayar mata da gidanta da gonarta har da amfanin shekarun da ba ta nan (2 Sarakuna 8:1-6). Irmiya kuwa yana tsare, sojojin Babila na kewaye da Urushalima, ya sayi gona a Anatot a kan shekel 17 na azurfa, ya sa shaidu suka sa hannu, ya ce a zuba takardun a tukunyar ƙasa don su daɗe (sura 32). Kai ma ka je wurin mai unguwa da shaidu biyu a rubuta iyakokin gonarku, in za ka ba wani aro a rubuta aro ne. Littafin rajistar coci, mai sunayen waɗanda aka yi wa baftisma da aure, ka ɗauki hoton kowane shafi a waya, ka kai shi kansa ofishin gunduma a ajiye.

Ka gaida maiɗakinka, ka ce mata na ji maganarta. Tsohuwa kuma ka ce mata wani tsoho ɗan'uwanta a Zuru yana gaishe ta, in ta zo duba jikoki zan zo da kaina mu gaisa.